Wa ke riƙe da akala? Abin da finafinan soyayya ke koya wa masoya game da iko

Yawancin masu sukar finafinan soyayya a kan tufafi da rawa da rungume-rungume suke tsayawa. A ganina sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da fim ke dasawa a zuciyar mai kallo, wanda kuma ya fi daɗewa a cikinta, shi ne amsar wasu tambayoyi uku da ba a cika yin su a fili ba: wa ke yanke shawara, wa ke ba da haƙuri, kuma me zai biyo baya idan ɗaya ya ce a'a. A kan waɗannan ne rabon iko tsakanin mace da namiji ya ginu. Fim yana amsa su a kowace fitowa ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, kuma ko a Amurka aka yi shi, ko Indiya, ko Koriya, ko Turkiyya, amsoshin ba sa nisa da juna.

Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Sana'ar ce ta gaji haka. Fim ɗin sinima yakan ci minti 90 zuwa 120, kuma a ƙa'idar masu rubuta labari kowane shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Dole marubuci ya samo abin da zai hana masoya biyu haɗuwa har zuwa shafukan ƙarshe, in ba haka ba labari ya ƙare tun a minti na goma. Shinge mafi arha, wanda ba ya buƙatar yaƙi ko haɗarin jirgi ko tafiya wata ƙasa, shi ne ɗayansu ya ƙi. Shi ya sa a fim kalmar "a'a" ba ta rufe magana, buɗe ta take yi. Daga nan jarumi zai tashi tsaye: ya bi ta wurin aiki, ya tare ta a hanya, ya kori mai nemanta, ya yi ta naci har ta sauko. Mai kallon da ya ga wannan tsari sau ɗari ya koyi darasi guda, cewa ƙi na farko jan aji ne kawai.

Sai kuma kayan aikin da ke sa mu yarda. Idan aka ajiye kyamara ƙasa tana kallon mutum sama, girma da kwarjini take ba shi; idan aka ɗaga ta tana kallonsa ƙasa, sai ya zama abin tausayi. Ku lura da wanda ake yi wa wanne a fitowar rigima. Idan jarumi bai kai jaruma tsayi ba, akwai ƙaramin akwatin katako da ake ɗora shi a kai don kada a ga tana kallonsa daga sama. Wanda ke tsaye kusa da ƙofa shi ke da ikon fita. Wanda kyamara ta tsaya a fuskarsa bayan an gama magana, da shi za mu tausaya. A 1975 wata masaniyar fim 'yar Ingila, Laura Mulvey, ta yi bayanin da har yau ake karantarwa, cewa finafinan Hollywood na gargajiya sun saba sanya namiji a matsayin mai kallo kuma mai tafiyar da labari, mace kuwa abin kallo.

Wanda ya fi duk waɗannan ƙarfi shi ne aikin mai yanka da haɗa hoto. Wajen shekara ɗari da suka wuce Lev Kuleshov, wani mai shirya fim a Rasha, ya nuna cewa fuska guda wadda ba ta nuna komai, idan aka haɗa ta da hotuna daban-daban, masu kallo za su karanta yunwa ko baƙin ciki ko sha'awa a kanta, alhali ita ce dai ba ta canza ba. To haka ake yi da fuskar jaruma. Ya fizgi hannunta, an yanko idonta da ya cika da hawaye, an sako kiɗa mai taushi, sai mu ce so ne ya kama ta. Da an sako kiɗan fim ɗin tsoro a kan wannan hoton, da mun ce ta shiga uku. Kowa na iya gwadawa a gida: a zaɓi fitowar da jarumi ya matse jaruma a bango ko ya ja ta zuwa mota, a kashe murya gaba ɗaya, a kalla. Sannan a yi tunanin cewa mai yin wannan ba kyakkyawan saurayi mai kuɗi ba ne, wani ne da ba ta so. Abin da ya rage bayan an cire kiɗa da kyan fuska, shi ne ainihin abin da ya faru.

Wani zai ce ai kowa ya san fim fim ne. Gaskiya ne, masu kallo ba wawaye ba ne, kuma danniya tsakanin mace da namiji ta girmi kyamara da shekaru dubbai. Amma sanin cewa abu ƙirƙira ne ba ya hana a koya daga gare shi. A gwaje-gwajen da Albert Bandura ya yi a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1960, yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana a fim sun kwaikwaye shi, kuma waɗanda suka ga an hukunta shi ba su kwaikwaya kamar sauran ba. Wato ba aikin kaɗai ake koya ba, har da sakamakonsa. A fim ɗin soyayya kuwa, sakamakon naci da kishi da tsawa shi ne aure. George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ya ƙara da cewa tasirin allo ba daga fim ɗaya yake zuwa ba, daga maimaici ne na shekaru, har mai yawan kallo ya fara auna duniya da ma'aunin talabijin. A 1973 masana zamantakewa biyu, John Gagnon da William Simon, sun kawo ra'ayin cewa mutane ba da ka suke yin soyayya ba, wani tsari suke bi da suka tsinta daga al'umma: wa zai fara magana, wa zai jira, me ake yi bayan me. Matashin da bai taɓa ganin iyayensa suna sasanta saɓani a gabansa ba, amma ya ga masoyan allo dubu suna yi, daga ina kuke zaton zai ɗauki nasa tsarin?

Akwai binciken da ya taɓo wannan kai tsaye. Julia Lippman ta Jami'ar Michigan ta nuna wa mata finafinai iri-iri, wasu sun nuna namiji mai bibiyar mace a matsayin masoyi, wasu sun nuna shi a matsayin abin tsoro. Waɗanda suka kalli na tsoro sun rage yarda da uzurin da ake yi wa masu bibiya. Waɗanda suka kalli na soyayya, kuma suka ɗauka abin da suka gani yana kama da rayuwa, sun ƙara yarda da shi. A 2015 ma an gurfanar da wani mutum a wata kotu a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya kan bibiyar mata biyu, lauyansa ya kafa hujja da cewa finafinan Indiya da ya tashi yana kallo ne suka koya masa cewa mai naci shi ke samun mace.

Cikin duk rol ɗin da fim ke rabawa, wanda na fi ganin haɗarinsa shi ne miskili. Mai kuɗi ne, ba ya dariya, yana wulaƙanta kowa, yana wulaƙanta ita ma, amma can tsakiyar labari sai a nuna mana wani tabo da ke zuciyarsa tun yarinta, kuma ita kaɗai ce za ta iya warkar da shi. Wannan labari yana sayar da abu biyu a lokaci guda. Yana gaya wa namiji cewa ɗaure fuska da rowar magana kwarjini ne. Yana gaya wa mace cewa jure wulaƙanci aiki ne mai lada, kuma idan bai canza ba, ita ce ba ta iya ba. Abin da ke sa ya kama zuciya sananne ne ga masana halayyar ɗan Adam tun zamanin B. F. Skinner: ladan da ke zuwa jefi-jefi, ba a san ranar zuwansa ba, ya fi ladan kullum ɗaure mai jira. Kwana shida na shariya, rana ɗaya ta tattali, sai wannan ranar ta yi daɗin da ba za ta yi ba a hannun mai kirki na kullum. Caca ma da wannan dabarar take riƙe mutane. Ga kuma ruɗanin jiki. A 1974 Donald Dutton da Arthur Aron sun yi gwaji a wata doguwar gada mai lilo kusa da Vancouver a Kanada, inda mazan da wata mata ta yi wa tambayoyi a kan gadar mai ban tsoro suka fi kiran ta daga baya, a kan waɗanda ta tarar a wata ƙaramar gada mai ƙwari. Faɗuwar gaba ta tsoro da ta so suna kama a jiki, kuma mutum na iya ɗaukar wannan a matsayin waccan. Yarinyar da gabanta ke faɗuwa duk lokacin da wayar saurayinta ta shigo, ya kamata ta tsaya ta tantance wace iri ce.

Kada a ɗauka maza kaɗai ake ba wa rol ɗin danniya. Akwai jarumar da ke gwada saurayi da ƙarya don ta ga iya son da yake mata, da wadda ke yin shiru na mako guda tana jiran ya gano laifinsa da kansa, da marin da mace ke yi wa namiji wanda ake sako masa kiɗan barkwanci. Akwai kuma namijin da darajarsa duka a aljihunsa take, wanda ba shi da damar gajiya ko kuka. Wannan ma rabon iko ne, kuma shi ma yana shiga gidaje.

Yanzu ga abin da na fi so masu kallo su sani, domin a nan hujjata take. Fitowar da ta fi kama da an yi ta ba shiri, ita ce aka fi shiryawa. Kafin jarumi ya fizgi hannun jaruma an yi magana: wane hannu, daga ina zuwa ina, da wane ƙarfi, taku nawa. Marin da ake gani yawanci bai taɓa kunci ba, kusurwar kyamara ce da ƙarar da aka ɗora daga baya. An maimaita sau da yawa, akwai mutane da dama tsaye a wurin, kuma akwai darakta da kalma ɗaya tasa ke tsayar da komai nan take. Tun 2018 tashar HBO ta Amurka ta sanar da cewa duk shirinta da ke da fitowar kusantar jiki sai an sa ƙwararre na musamman da aikinsa shi ne ya ji daga bakin kowane ɗan wasa abin da ya yarda da shi da wanda bai yarda ba, a rubuta, a tsara motsi ɗaya bayan ɗaya. A 2020 ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki. Duk wannan yarjejeniya a bayan kyamara take. Abin da ya iso ga mai kallo shi ne mutum biyu da ba su tambayi juna komai ba amma komai ya tafi daidai. Ma'auratan da suka kwaikwayi abin da ke gaban kyamara, suka bar na bayanta, sun ɗauki wuƙa ta wajen kaifi.

Ba ina cewa wasa tsakanin ma'aurata laifi ba ne. Shagwaɓa da rarrashi, jan aji na raha, yau kai ne mai gida gobe ni ce sarauniya, wannan duk gishirin zama ne, kuma wasu ma'auratan suna jin daɗin ɗaya ya ja ragama a wasu lokuta. Bambancin wasa da mulki a abu uku yake. An yarda da shi kafin a fara. Yana da iyaka ta lokaci da wuri. Kowane ɗaya yana iya tsayar da shi ba tare da ya biya da fushi ko gaba ba. Idan ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, sunan abin ya canza ko da kalmomin da ake faɗa ba su canza ba.

A aikace ga yadda ake yi. Maganar a yi ta da rana tsaka, cikin natsuwa, ba a lokacin da jini ya ɗau zafi ba, domin a lokacin mutum yakan amsa abin da zai yi nadama a kai. Kowa ya faɗi abu uku: abin da yake so, abin da zai iya gwadawa, da abin da ba ya so ko kusa. Na ukun ba a ja-in-ja a kansa, ba a kuma neman dalili. Sai a zaɓi kalmar tsayawa wadda ba ta cikin wasan, domin idan wasan ya ƙunshi "bari" da "ƙyale ni" na shagwaɓa, to waɗannan ba za su yi aikin birki ba. Sunan wani launi ya isa. A ƙara da alamar hannu, kamar bubbuga kafaɗa sau biyu, saboda lokacin da baki ba zai iya magana ba. A sa lokaci, ko minti goma sha biyar ne a karon farko. Bayan an gama a koma sunayen gaskiya da muryar gaskiya, a tambayi juna me ya yi daɗi, me bai yi ba. Washegari a sake tambaya, saboda wani ɓacin ran sai an kwana yake fitowa.

Inda abin ke lalacewa ma sananne ne. Na farko, mamaya: mutum ya ga abu a fim ya zo ya aikata ba sanarwa, yana zaton zai burge. Na biyu, ɗaukar shiru a matsayin yarda, alhali tsoro yakan sandarar da mutum ya kasa motsi ko magana. Na uku, zagi a cikin wasa da ya taɓo ciwon gaskiya, kamar ƙiba ko rashin haihuwa ko talauci ko dangi; wannan ba ya gogewa da cewa "ai wasa nake". Na huɗu, rol ya tsallake ɗaki ya shiga kuɗi da waya da zumunci, wanda aka ba wa ragama na minti goma sha biyar ya fara tambayar ina aka je, wa aka kira. Abu ɗaya kuma ba shi da hanyar yi lafiya ko kaɗan, wato shaƙe wuya, wanda allo ya mayar kamar wani salon soyayya. Matse jijiyoyin wuya na iya ɗauke hankali cikin daƙiƙu kaɗan, yana iya jawo shanyewar jiki kwanaki bayan nan ba tare da an ga tabo a fata ba, kuma wanda aka shaƙe ba ya iya faɗin kalmar tsayawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Ingila da Wales sun mayar da shi laifi mai zaman kansa a 2022.

Dokar wasu ƙasashe ma ta riga finafinai gane cewa danniya ba sai da duka ba. Tun 2015 Ingila da Wales suka haramta mallake abokin zama ta hanyar takura da tsoratarwa, da hukuncin da zai iya kai shekara biyar a gidan yari. Ku duba abubuwan da ake lissafawa a ƙarƙashin wannan laifi: raba mutum da 'yan uwa da abokai, bin diddigin wayarsa da inda yake, ƙayyade masa abin da zai sa, riƙe masa kuɗi. Sannan ku tuna sau nawa kuka ga jarumi ya yi waɗannan duka a fim guda, ana tafa masa a matsayin mai kishin abin da yake so.

To a hana finafinan ne? Ban ga alamar hakan zai yi magani ba. Hollywood ta yi zamani a ƙarƙashin dokar tace finafinai mai tsauri da aka fara aiwatarwa sosai a 1934, aka yi watsi da ita a 1968. Ta hana tsiraici da sumba mai nuna sha'awa, amma finafinan wancan zamani cike suke da jaruman da ke sumbatar mace da ƙarfi har ta daina turjiya. Almakashin mai tacewa fata yake gani, ba ya ganin iko. Fim na iya kasancewa kowa a rufe ruf daga wuya zuwa idon sawu, kuma ya koyar da cewa mace kaya ce.

Abin da aka gwada ya yi aiki ya fi wannan sauƙi. Ronald Rogge na Jami'ar Rochester da abokan aikinsa sun bi sababbin ma'aurata 174 na tsawon shekara uku, suka buga sakamakon a 2013. Wasu an ba su horo na musamman kan sasanta rikici ko tausaya wa juna. Wasu kuwa cewa kawai aka yi su kalli finafinai biyar masu labarin zaman aure cikin wata guda, bayan kowanne su zauna kamar minti 45 su tattauna da wasu tambayoyi da aka ba su. Bayan shekara uku, rabuwa a cikin waɗanda ba a yi musu komai ba ta kai kashi 24 cikin ɗari. A cikin masu kallon fim kashi 11 ne, daidai da waɗanda suka sha dogon horo. Finafinan ba wasu na musamman ba ne, na kasuwa ne. Tattaunawar ce ta bambanta.

Duk ma'aurata na iya yin irin wannan, haka ma iyaye da 'ya'yansu da suka fara tasawa. A zaɓi fim ɗin da aurensa ko soyayyarsa ke da rigima, a kalla tare, wayoyi a ajiye. Idan an zo fitowar faɗa a tsayar, a tambaya: wa ya fara ɗaga murya, wa ya katse wa wani magana, wa ya fita, wa ya dawo ya ba da haƙuri, kuma haƙurin da baki aka bayar ko da kyauta aka toshe bakin mai ƙorafi? A lura da raini musamman, irin su taɓe baki, harara, kwaikwayon murya, domin John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata, ya gano cewa raini ne ya fi kowace ɗabi'a nuna auren da zai mutu. Sai a juyo da tambayar gida: mu fa, idan mun saɓa, wa ke yin wanne? Sharaɗin shi ne kowa ya faɗi nasa, kada ya lissafa na ɗan uwansa. Idan magana ta yi zafi har ƙirji ya fara bugawa, a tashi a ba juna aƙalla minti ashirin, kuma a faɗi ƙarfe nawa za a dawo a ƙarasa kafin kowa ya bar wurin.